Tabaraun Baba na Sunuka

Gwange, Maiduguri
Lahadi, 2 ga Yuni, 2013

Zuwa ga Yayana Tahir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Muhsinat da yara. Yaya Kano, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ana ta jin ƙarar abubuwa daga nesa, amma unguwarmu shiru.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka ɗauke sabis wayoyinmu sun koma tocila. Garzali direba, mai kai busasshen kifi daga Baga Road zuwa Kano, ya ce in riƙa ba shi saƙo, don haka in ka ji takardar tana ƙarni ka yi haƙuri, ba ni ba ce.

Abin da ya sa na zauna rubutu, Baba da amininsa Baba Pindar sun ɓata. Na san za ka yi dariya ka ce ai kullum cikin faɗa suke. Wannan ba irin wancan ba ne. Tun suna aikin Reluwe tare, shekara talatin da wani abu, ba Asabar ɗin da ta wuce ba su buga sunuka ba. Teburin nan na garejinmu da ka sani, da can mutum goma ke kewaye shi. Yanzu wasu sun bar gari, wasu sun riga mu gidan gaskiya, saura su biyu. Baba Pindar yakan shigo keke Napep daga Wulari bayan azahar, ya wuce shingen sojoji uku, su buga, ya koma kafin dokar hana fita. Ni kuwa ina ɗakina ina kallonsu ta taga kamar yadda muke yi muna yara.

Ka san Baba da sanda. Wallahi har yau ban ga mai tsayuwarsa ba. Ya sunkuya, haɓarsa ta kusa taɓa sandar, ya yi tsit kamar ba ya numfashi, sai ka ji ƙas, ƙwallo ta faɗa rami. Ba ya duban ramin ma, ya riga ya juya yana goga alli. To, tun bara idonsa ya fara yin hazo. Ƙwallon da ke kusa yana gani, ta can ƙarshen tebur kuwa lalube yake. Na yi magana har na gaji, ya ce idonsa ya fi nawa.

Asabar ɗin waccan, Baba Pindar ya zubar da ƙwallo uku a jere, irin waɗanda ko ni zan jefa. Baba ya ci wasan, amma maimakon ya yi tsiyar da ya saba, sai ya ajiye sanda. Ya ce shi ba abin tausayi ba ne da za a riƙa bar masa wasa da gangan. Ya ce wanda ya yi maka haka ya raina ka, kuma ha'inci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Ina ji har ya ƙara da cewa mai shirin gudu ya bar gari ba shi zai ji tausayin wanda ya zauna ba. Baba Pindar ya ɗauki hularsa ya fita. Baba ya ja tamfol ya rufe teburin.

Jiya bai zo ba. Baba ya yi wanka, ya sa kaya, ya zauna a ƙofar gareji har la'asar yana cewa iska yake sha.

Maganar barin garin kuwa gaskiya ce. Dorothy, 'yarsa da ke Jos, za ta zo ta tafi da shi ran ɗaya ga wata mai zuwa, kuma tafiyar ke nan. Asabar huɗu suka rage. Yaya, in mutanen nan suka rabu a haka, a wannan zamanin da ba ka san wanda za ka sake gani ba, Baba ba zai yafe wa kansa ba, ni ma abin ba zai bar raina ba.

A ganina Baba yana da gaskiya, tausayinsa aka ji, don kowa ya ga yadda yake lalube dole ya ji. Amma da na matsa wa Baba, ya rantse ba zai sake ɗaukar sanda ba sai ranar da yake ganin tebur daga farko har ƙarshe, yadda ba mai sake samun dalilin raga masa. Ni kuwa na riƙe wannan rantsuwar gam. Gobe da safe zan kai shi awon ido ko yana so ko ba ya so.

Ka gaishe da Anti da yara. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Bintu

Gwange, Maiduguri
Alhamis, 13 ga Yuni, 2013

Yaya Tahir,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kowa lafiya. Takardarka ta iso, Baba ya sa na karanta masa sau biyu, sai dai na tsallake inda ka ce ya fiye taurin kai.

Tare da wannan wasiƙar akwai ƙaramin kwali. Kada ka buɗe shi a gaban yara, kuma kada ka goge komai a jikin abin da ke ciki. Karanta har ƙarshe tukuna, aiki ne zan ba ka.

Na kai shi wurin Madam Ihuoma, mai awon ido da shagon tabarau a bakin Kasuwar Litinin. Inyamura ce, shekararta ashirin a garin nan, Hausarta ta fi tawa, har da Kanuri ta gaishe da Baba. 'Yan uwanta da yawa sun rufe shaguna sun tafi, ita ta tura yara gida ta zauna. Ta auna shi tsaf, bayan kwana huɗu ta ba mu tabarau mai hawa biyu, sama na nesa, ƙasa na karatu. Baba ya sa, ya karanta jarida, ya hango ƙadangare a katangar maƙwabta, har ya gaya mini ashe na rame.

Da yamma ya yaye tamfol. Yaya, gara jiya da yau. Ƙwallo biyar ya buga, ko ɗaya ba ta shiga ba. Ya cire tabaraun ya ajiye a kan tebur a hankali, ya shige ɗaki. Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Washegari na tafi shagon da zafina, ka san halina. Na dire mata tabaraun na ce awonta bai yi ba. Matar nan ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni me yake yi lokacin da ya daina gani. Na ce sunuka. Ta miƙo mini lemarta ta ce in nuna mata yadda yake tsayawa. Ga ni malamar makaranta da hijabina, na sunkuya a kan kantar shago ina saita lema, masu wucewa suna leƙe. Ta zagayo ta durƙusa a gabana tana kallon idona. Sai ta miƙe ta ce laifinta ne, ta tambaye shi abin da yake son gani amma ba ta tambaye shi a wace tsayuwa yake ganinsa ba.

Wallahi kunya ta kama ni. Ta kwashi firem-firem na tabarau ta cika akwati, ta kulle shago da rana tsaka, muka hau keke Napep. A kowane shinge sai an sauke mu, mun ɗaga hannu, ta buɗe akwatin ta yi bayani. Ko tsaki ba ta yi ba.

A gida ta sa Baba ya sa tabaraun ya sunkuya kamar zai buga. Ita kuma ta je can ƙarshen tebur ta durƙusa har idonta ya yi daidai da ƙwallo, ta kira ni in gani. Ashe in ya sunkuya, goshinsa ne ke gaba, idonsa yana leƙe ta saman tabaraun. Gilashin yana ƙasa yana kallon hannunsa, ƙarfen sama kuma ya gitta masa a tsakiyar ido. Awon daidai yake, idon ne ba ya cikin gilashin. Ta ɗauko madubi ta nuna masa da kansa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce mata sannu da aiki, kuma ka san ba kowa yake gaya wa haka ba.

Daga nan aka shiga zaɓe. Kowane firem sai ya sa ya sunkuya, ita ta durƙusa ta duba. Sun gwada ya fi ashirin. Na ƙarfe siriri da Baba yake so, irin na manyan ma'aikata, shi ne ya fi kowanne rashin amfani. Ɗaya tak ya kai tsawon da take nema, ya rufe har saman gira, kuma na mata ne. Baƙin gilashin rana ne irin na amare, faffaɗa, ruwan ƙasa, da 'yar fure ta zinariya a kowane gefe. Baba ya ce ko gawarsa ba za a sa wa wannan ba. Ta ce to shi ke nan, ta fara mayar da kaya cikin akwati, tana cewa ita dai ta san wanda ke son kyau, ta kuma san wanda ke son cin wasa. Kafin ta rufe akwatin ya miƙa hannu.

Sai ka ga aiki. Ta cire baƙin gilashin ta sa farar roba ta gwaji. Ta matse 'yan ƙafafun hancin don ya hau sama. Ta ce in kawo ruwan zafi, ta tsoma hannayen firem ɗin ta lanƙwasa su yadda gilashin zai fuskanci tebur in ya sunkuya. Ta kankare furannin da reza. Ta auna tsawon teburin da tef ɗin ɗinkina, ta ce wannan karon ba hawa biyu, lamba ɗaya za a yi, wadda za ta kama daga bakin sanda zuwa bangon ƙarshe. Sannan ya sake sunkuyawa, ta ɗiga baƙin alƙalamin maka a kan robar daidai ƙwayar kowane ido. Sau uku tana sa shi ya miƙe ya sake sunkuyawa don ta tabbata. Ta ce ba ta taɓa ganin mutumin da kansa ke komawa wuri ɗaya ba kuskure kamar Baba ba, ɗigon bai motsa ba ko kaɗan. Baba ya yi kamar bai ji ba, amma har dare yana maimaita mini.

Yanzu ga aikinka. Gilashin da take da shi bai kai girman firem ɗin ba, sai a Kano. Ta rubuta lambar da adireshin mai yankan a Sabon Gari, suna cikin kwalin. Ka kai da kanka, kada ka aika. Ta ce da ya ga ɗigon nan can sama kusa da ƙarfe zai ce kuskure ne, zai so ya sauko da shi tsakiya kamar na kowa, don haka ya saba. Kada ka yarda. Ka tsaya a kansa har ya yanka, ko zai ji haushinka. In ya sauko da shi mun koma gidan jiya.

Asabar biyu ta wuce a banza idan ka haɗa da jibi. Ta ƙarshe ita ce ashirin da tara. Don Allah, Yaya, ka ba Garzali kafin nan.

Gaisuwa ga Anti Muhsinat. Baba yana sa maka albarka.

Taka,
Bintu

Gwange, Maiduguri
Lahadi, 30 ga Yuni, 2013

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a. Na ji yadda kuka kwashe da mai yankan gilashi har ya ce kai za ka koya masa aikinsa. Ɗigon yana inda aka sa shi.

Saƙon bai iso ba sai ran Alhamis, an tsare su Garzali kwana biyu a Damaturu, ni kuwa ko abinci ba na iya ci. Madam Ihuoma ta sake zuwa da kanta ta daidaita masa. Ran Juma'a bayan masallaci ya shiga gareji shi kaɗai. Ban leƙa ba, kunne na kasa. Da na ji ƙas ɗin nan sau bakwai a jere, na ci gaba da wanke-wankena ina murmushi.

Na ce ya je Wulari ya ba da haƙuri, ya ƙi. Takarda ya rubuta, layi biyu, ni na kai. Wai yanzu yana gani, Pindar ya zo Asabar, kuma ya zo da hannunsa na gaskiya. Baba Pindar ya karanta, ya ninke ta, ya ce in ce yana tafe.

Jiya ya zo. Da ya ga Baba da tabaraun nan har saman gira, dariya ta kama shi sai da ya dafa bango, yana tambaya ko amaryar ta san an ɗauke mata kaya. Baba bai kula shi ba, ya jera ƙwallaye. Ni ina taga.

Baba ya fasa jerin ƙwallayen, ya jefa biyu. Da bugu ya koma kan Baba Pindar, sai ya zaro hannunsa na hagu daga aljihu ya shimfiɗa a kan tebur don ya ɗora sanda. Baba yana can ɗaya ƙarshen, ya ɗan duƙa yana duban layin kamar yadda yake yi. Sai na ga ya tsaya cak. Na bi inda yake kallo.

Yaya, hannun rawa yake yi. Ba sosai ba, amma ba ya tsayawa, sandar tana karkarwa a kan yatsunsa. Ya danne shi da ƙarfi har jijiyoyi suka fito, ya buga, ƙwallon ta kauce. Irin kaucewar nan ce ta waccan Asabar. Ba tausayin kowa ya ji ba. Wata da watanni yana fama da hannun a gaban Baba, Baba ba ya ganin abin da ya wuce tsakiyar tebur, ni mai ido kuma ƙwallo nake kallo. Daga baya Dorothy, wadda ta riga ta iso gari, ta gaya mini ciwon jijiya ne, likita ya ce gaba zai yi ta yi, kuma shi ne dalilin tafiyar. Baba Pindar ya gwammace a ce tsoro ne ya kore shi da a san hannunsa ya mutu.

Baba ya cire tabaraun ya yi ta goge shi da bakin riga, ya daɗe. Na ce a raina yanzu zai fara zubar da ƙwallo da gangan, ya yi abin da ya zagi mutum a kansa. Ya mayar da tabaraun, ya sunkuya, ya share teburin tas har baƙar ƙwallon ƙarshe. Wasa uku suka yi, ya cinye duka, bai raga masa ko ɗaya ba. Ban taɓa ganin ya buga kamar jiya ba, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar mai haɗiye magani. Baba Pindar kuwa sai zaginsa yake yana dariya, yana cewa mugu, azzalumi, an ba makaho ido ya hana mutane sakat.

Da aka gama, Baba ya jingine sandarsa ya nemi gafara. Da kunnena na ji, da bakinsa, ya ce ya yi masa ƙazafi, ya kira shi maha'inci da matsoraci alhali shi ne bai gani ba. Baba Pindar ya ce maganar ta wuce. Ya ce tun da ciwon ya fara kowa lallaɓa shi yake kamar ƙwai, Baba kaɗai ne ya ɗauka har yanzu yana da hannun da zai zubar da ƙwallo don ya ga dama. Ya ce da yau ya raga masa ko sau ɗaya, wannan ne ba zai yafe ba.

Lokacin tafiya ya yi, har ya ɗauki hula. Sai Baba ya zaro baƙar ƙwallo daga rami ya kai ta can ƙarshen tebur, wurin da ya fi wuya, ya ajiye farar da ake bugawa a nan gefe. Ya ce wasa ya ƙare, an san wanda ya ci, wannan ba ta cikin lissafi. Ya sunkuya ya shimfiɗa hannunsa na hagu a kan tebur, ya ɗaga babban yatsa, ya ce Pindar ya ɗora.

Baba Pindar ya tsaya yana kallon hannun. Sannan ya mayar da nasa na hagu aljihu, ya ɗora sandarsa a kan yatsun Baba, ya sunkuya kafaɗarsa tana gogar ta Baba. Hannunsa na dama lafiya lau yake, idonsa ma haka. Ya ja sandar sau biyu ya buga. Baƙar ta tafi ɗoɗar ta faɗa tsakiyar rami, ko gefe ba ta taɓa ba.

Sun daɗe a sunkuye a haka, ba wanda ya fara miƙewa. Ni dai na bar tagar, don kuka ya ci ƙarfina kuma ba na so su ji.

Baba ya raka shi har bakin titi da tabaraun amaren a fuskarsa, duk 'yan unguwa suna kallo, ya tsaya har keken ya sha kwana. Gobe da sassafe za su kama hanyar Jos. Ka yi musu addu'a Allah ya kai su lafiya.

Ka gaishe da Anti da yara da kyau. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Bintu Babakura